Mazubin Guzuri a Daji: Nasiha ga Matasan Mubi

Mazubin guzuri shi ne duk abin da matafiyi ke zuba abincinsa a ciki idan zai yi kwanaki nesa da gida, ko jarka ce, ko bokiti, ko gwangwani, ko akwatin ƙarfe, ko tandu da burgami irin na mutanen da. A cikin gari zaɓen mazubi ba ya buƙatar dogon tunani, domin akwai ɗaki mai ƙofa, akwai kuma mai shago a bakin titi idan abinci ya ƙare. A daji kuwa lamarin ya sha bamban. Wanda ya wayi gari ya tarar an yaga jakarsa, an watsar da garinsa, an yi gaba da kilishinsa, alhali tsakaninsa da kasuwa mafi kusa tafiyar wuni ce a kan duwatsu, ya shiga halin da ƙuruciya da ƙarfin jiki ba za su fid da shi ba.

Matasan Mubi na cikin waɗanda wannan magana ta fi shafa. Garin yana gindin duwatsun Mandara, a bakin kogin Yadzaram, dab da iyakar Kamaru. Ɗaliban Jami'ar Jihar Adamawa, wadda aka kafa a 2002, da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya sukan fita aikin bincike a kan ƙasa da tsirrai da dabbobi. Wasu matasan na hawa Sukur a Ƙaramar Hukumar Madagali, wurin da hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, inda hanya shimfiɗe da duwatsu ke kai mutum har fadar Hidi, sarkin Sukur. Wasu na nausawa kudu zuwa gandun dajin Gashaka-Gumti, mafi girma a Najeriya, wanda aka ayyana a 1991, inda tsaunin Chappal Waddi mai tsayin mita 2,419 yake. Akwai kuma waɗanda sana'a ce ta kai su: 'ya'yan makiyaya a mashekari, masu kwana a gona lokacin kaka, da masu koro shanu zuwa kasuwar Mubi. Dukkansu tambaya ɗaya ke gabansu: a cikin me za a zuba abinci, a ina kuma za a ajiye shi?

Darasi daga ƙasar beyar

Babu beyar a dazukan Najeriya, amma a kanta ne aka fi zurfafa bincike game da mazubin guzuri, don haka labarinta yana da amfani. Beyar dabba ce mai kauri da gashi, babbarta kan fi mutum biyu nauyi, tana hawa bishiya, hancinta kuma ya fi na kare jin ƙanshi. A gandun dajin Yosemite da ke Jihar Kalifoniya ta Amurka, masu yawon daji sun daɗe suna rataye abincinsu a reshe da igiya. A hankali dabbobin suka gane dabarar, suka koyi tsinke igiya da karya reshe. A 1998 kaɗai an rubuta ɓarnar beyar fiye da sau 1,500 a wannan gandu. Yau doka ce a can cewa duk mai kwana a cikin dajin ya zuba abincinsa a mazubin da hukuma ta amince da shi.

Mazubin kansa ba wani abin al'ajabi ba ne. Gwangwani ne na roba mai tauri ƙwarai, nauyinsa babu komai a ciki kilo ɗaya ko ɗan fiye, faɗinsa ya fi ƙarfin buɗewar bakin beyar, jikinsa sumul, ba marfin da ya turo waje, ba mariƙi. Murfin wasu sai an sa tsabar kuɗi an murɗa kafin ya buɗe. Ba ya hana ƙanshi fita. Aikinsa shi ne dabbar ta zo, ta gwada, ta gaji, ta tafi ba ta samu komai ba, har ta daina ɗaukar zangon mutane a matsayin wurin cin abinci. Kwamitin haɗin gwiwar hukumomin Amurka mai kula da beyar, wanda aka kafa a 1983, yana sa a gwada irin waɗannan mazubai a wata cibiya da ke garin West Yellowstone a Jihar Montana. Akan zuba abinci mai ƙanshi a ciki, a jefa wa beyar mai rai, kuma sai mazubi ya jure minti 60 na cizo da duka da tattakewa kafin a ba shi shaida. Duk da haka, a duwatsun Adirondack na Jihar New York an samu wata macen beyar da ta koyi buɗe wani irin murfi da ya gagari sauran, har maharbi ya kashe ta a 2012.

Abin ɗauka a nan guda uku ne. Ana zaɓen mazubi ne gwargwadon dabbar da za a fuskanta. Ana gwada shi kafin a dogara da shi. Kuma komai ingancinsa, ba ya ɗauke wa mai shi nauyin lura.

Masu neman guzurin matafiyi a wannan yanki

Na farko shi ne gwaggon biri. Yana yawo garke-garke a duwatsu da bakin dazuka, manoman gindin dutse kuma sun san ɓarnarsa a gonar masara da gyaɗa. Yana da hannu mai yatsu, yana da wayo, yana kuma da fiƙoƙi dogaye masu illa. Yana zuge zif, yana ɗaga murfin kula, yana kwance ƙulli. Duk wanda ya taɓa sauka a zangon Wikki na gandun Yankari a Jihar Bauchi ya ga yadda birai ke zaune a kan baranda suna jiran a bar ƙofa ko taga a buɗe, da yadda suke fizge leda daga hannun baƙo, gadu kuma na kiwo a tsakanin ɗakuna. Da rana biri ke aikinsa. Da dare yana kwance a kan tsauni ko doguwar bishiya, saboda haka lokacin karin kumallo da lokacin da kowa ya watse ya bar zango su ne lokutan haɗari. Jan biri da kirka ba su kai shi ƙarfi ba, amma jan biri ya fi shi sauri.

Da dare kuma sai masu hanci da haƙori: kura, dila, dage, da karnukan ƙauye. Kura ta yi ƙaranci a kusa da garuruwa, amma tana nan a manyan dazuka, haƙorinta na farfasa ƙashi, kuma takan ɗauke abu ɗungurungum ta tafi da shi. Dage ƙarami ne amma yana da naci da farata masu tono. Barin kilishi ko busasshen kifi a jakar yadi kusa da kai a irin wannan wuri, daidai yake da ba kura ajiyar nama.

Sai ƙanana, waɗanda aka fi rainawa alhali su suka fi yawan ɓarna: ɓera, gafiya, kurege, tururuwa, kiyashi, kwarkwasa da gara. Gara na cinye ƙasan kwali ko buhu a dare ɗaya. Kiyashi na shiga sukari ta ƙofar da ido ba ya gani. Ɓera kuwa al'amarinsa ya wuce sata.

Ɓera da zazzaɓin Lassa

Garin Lassa yana Ƙaramar Hukumar Askira/Uba a kudancin Borno, ba shi da nisa daga Mubi ta arewa. A can aka fara gano cutar da ke ɗauke da sunan garin a 1969, bayan ta kama ma'aikatan jinya na mishan. Wani irin ɓera mai nonuwa da yawa, wanda ke zama a gonaki da gidaje, shi ke ɗauke da ƙwayar cutar, yana zubar da ita a fitsari da kashinsa. Idan ya bi ta kan gari ko gyaɗa ko kwanon da aka bari a buɗe, wanda ya ci na iya kamuwa. Alamun kan ɗauki har kwana 21 kafin su bayyana, kuma da farko suna kama da na maleriya. Yawancin waɗanda suka kamu ba sa jin jiki sosai, amma kusan mutum ɗaya cikin biyar cutar kan yi masa tsanani, wasu su rasa rai, wasu su warke da kurumta. An fi samun ta a lokacin rani, wanda shi ne kuma lokacin da aka fi tafiye-tafiyen daji.

Saboda haka Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa ke nanata a ajiye abinci a mazubi mai murfi da ɓera ba zai iya shiga ba. Duk abincin da aka ga alamar ɓera ya taɓa, ko huji a leda ko kashi a gefe, a zubar da shi gaba ɗaya, ba a yanke gefen a ci saura. Wannan tsari ba baƙo ba ne. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi cewa Annabi (SAW) ya yi umarni da rufe ƙorai da ɗaure bakin salka idan dare ya yi. Magabata ma a kan wannan hikima suka gina rumbu: a ɗaga shi a kan duwatsu, a shafe jikinsa, a toshe bakinsa.

Abin dubawa wajen zaɓe

Abu na farko shi ne abin da aka yi mazubin da shi. Ɓera ba ya iya gaigayar ƙarfe mai tauri. Gwangwanin madara babba mai murfin dannawa, da akwatin ƙarfe irin na 'yan makarantar kwana, suna da wannan fifiko, sai dai akwatin yana da nauyi, ya fi dacewa da zangon da mota ko babur ke isa. Roba mai kauri, irin ta jarkar man gyaɗa ko ƙaramin duro mai zoben ƙarfe a baki, tana jure kare da dila, tana kuma jure ɓera na 'yan kwanaki. Roba mai laushi, leda, buhu, kwali da jakar yadi ba kariya ba ne ko kaɗan. Buhun PICS mai ninki uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007 domin ajiyar wake, yana kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, amma haƙorin ɓera na huda shi, don haka sai an sa shi cikin wani abu mai tauri.

Na biyu murfi, kuma a nan mazubai da yawa ke faɗuwa. Murfin da ake ɗorawa kawai, irin na kwalla ko tukunya, iska ma na iya ture shi. Murfin dannawa na fita idan mazubi ya faɗi. Murfi mai murɗawa ya fi su, musamman idan yana da roba zagaye da bakinsa mai hana kiyashi da ruwa shiga. Inda akwai birai kuwa, sai an ƙara da abin da yatsu kaɗai ba sa buɗewa: kwaɗo, ko waya da aka murɗe da filaya, ko ƙusa mai zare da aka zura ta cikin zoben duro.

Na uku siffa. Mazubi mai kusurwa ko leɓe da ya turo yana ba haƙori wurin kamawa. Mai faɗi kuma sumul ya fi wuyar ɗauka. Jarka mai ƙaramin baki ta dace da abin da ake tsiyayewa, kamar garin rogo, shinkafa, wake da gyaɗa, mai faɗin baki kuma ya dace da kilishi, ƙuli-ƙuli, dakuwa da dabino.

Na huɗu girma da nauyi. Lissafin da masu yawon daji a Amurka ke bi shi ne kimanin lita ɗaya da rabi na busasshen abinci ga mutum ɗaya a rana. Mutum huɗu da za su yi kwana uku ke nan suna buƙatar wajen lita 18. Ya fi kyau a raba wannan a mazubai biyu ko uku da a tara shi a bokiti ɗaya mai lita 20, domin kaya su rabu a tsakanin abokan tafiya, kuma idan ɗaya ya salwanta a samu abin ci a sauran. A tuna cewa kowace lita ta ruwan sha kilo ɗaya ce, kuma kayan da suka wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ɗauka suna gajiyar da shi a hawan dutse.

Na biyar, wanda ya fi kowanne muhimmanci, shi ne tarihin mazubin. Mubi ƙasar noma ce, robobin maganin feshi da na kashe ciyawa sun cika ko'ina, suna da kauri, murfinsu kuma na rufuwa gam. Wannan kyan nasu shi ke yaudarar mutane. Dafin yana shiga jikin robar, wanki da sabulu ba ya fitar da shi. Haka jarkar fetur ko ta baƙin mai, da bokitin fenti, da duron da ba a san abin da ya taɓa ɗauka ba. Mazubin da za a saya na hannu, a tabbatar abinci ne ya fara zama a cikinsa. Idan akwai shakka, a bar shi.

Gwaji kafin tafiya

Ba a bari sai an isa daji kafin a san halin mazubi. A sa busasshiyar takarda a ciki, a rufe, a danna shi cikin baho cike da ruwa. Idan takardar ta jiƙe, kiyashi ma zai shiga. A cika shi da yashi, a sake shi daga tsayin kafaɗa a kan ƙasa mai tauri, a ga ko murfin zai fita ko jikin zai tsage. A miƙa wa yaro ɗan shekara bakwai ya gwada buɗewa, domin abin da yaro ya buɗe cikin sauƙi ba zai gagari gwaggon biri ba. Daga nan a sa guntun ƙuli-ƙuli a ciki, a bar shi kwana biyu a ɗakin ajiyar hatsi, a duba ko akwai sawun haƙori.

Abin da ake zubawa da inda ake ajiyewa

Hancin dabba bai san bambancin abinci da abin da ke ƙanshin abinci ba. Sabulu, man shafawa, man goge baki, turare, magi, daddawa, man shanu, ɓawon ayaba da gwangwanin kifi da aka buɗe, duk wurinsu cikin mazubi ne, kowanne a ƙulle a ledarsa. Masu ƙanshi da saurin lalacewa, irin su fura, nama da dafaffen ƙwai, su ake fara ci a ranar farko. Abin da zai kwana biyu ya zama busasshe sarai, domin danshi a rufaffen mazubi cikin zafin Maris da Afrilu na kawo fumfuna, gyaɗa mai fumfuna kuma tana ɗauke da dafin da ke cutar da hanta. Da rana a ajiye mazubi a inuwa.

Wurin kwana daban, wurin girki daban, wurin ajiya daban, tsakaninsu aƙalla mita 30, wato taku arba'in ko fiye. A lura da iska. Da hunturu daga arewa maso gabas take busowa, sai a sa murhu da ma'aji a kudu maso yammacin makwanci, yadda ƙanshi zai yi nesa da masu barci. Da damina iskar na juyawa, sai tsarin ma ya juya. Kada a ajiye mazubi a bakin kwazazzabo ko gefen rafi, domin turi ɗaya ya isa ya gangara inda ba za a same shi ba.

Rataya a reshe mai tsayin mita uku tana maganin kura da dila da kare da gadu da dare. Idan aka huda murfin gwangwani aka zura shi a igiyar, ɓera ba zai iya saukowa ta kanta ba, ɗan mai da aka shafa wa igiyar kuma na tare tururuwa. Amma rataya ba ta hana biri komai. Da gari ya waye sai a sauke, a kulle, a danne da dutse mai nauyi, kuma idan da hali mutum ɗaya ya zauna gadin zango. Abinci ba ya kwana a tanti ko a ƙarƙashin kai, ko da alewa ɗaya ce. Idan biri ya riga ya kama abu, a bar masa, ba a kokawa da shi. Wanda aka ciza ko aka yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya nufi asibiti ba tare da jinkiri ba, saboda haɗarin cutar haukan kare.

Kafin a kafa zango, a gaida jauro ko lawanin yankin, ko ma'aikatan gandun daji, a sanar da su inda za a kwana. Su suka san halin tsaron wurin, su kuma suka san dabbar da ke yawo a wane kwari da wane lokaci.

Haƙƙin dabba da na masu zuwa baya

Rufe abinci ba don amfanin mai shi kaɗai ba ne. Dabbar da ta ɗanɗani abincin mutane sau ɗaya za ta dawo, tsoronta ya ragu, ƙarfin halinta ya ƙaru, 'ya'yanta kuma su taso a kan haka. Ƙarshenta shi ne ta ciji wani ko ta addabi gonaki, a harbe ta ko a sa mata guba. Matashin da ya jefa wa biri biskit don ya ɗauki hoto ya bar wa baƙon gobe da manomin gindin dutse matsala, ya kuma jawo wa birin ajali. Shara ma haka take. Ledar da aka yar a daji shanu da awaki na haɗiye ta, ta cunkushe a tumbinsu har ta kashe su. Mazubin da ya tafi da abinci shi ya kamata ya dawo da shara.

Duk wannan ba ya buƙatar kayan waje ko kuɗi mai yawa. Gwangwani mai tsabta, jarka mai kauri da aka san asalinta, kwaɗo ƙarami da igiya sun wadatar, kuma duk ana samunsu a kasuwar Mubi. Abin da ake nema ga matashi shi ne ya tambayi dabbar da ke inda za shi, ya zaɓi mazubin da ya fi ƙarfinta, ya gwada shi tun a gida, ya rufe shi duk lokacin da ya ɗebi abu, ya kuma koya wa ƙannensa yin haka. Allah ya kai kowa lafiya, ya dawo da shi lafiya.